Gumbar Inna a Duwatsun Tatra

Wanda ya shirya mini takardu ya ce aikin walda zan yi a Poland. Da na isa, sai na tarar ƙarfen da zan riƙe wuƙa ce, abin da zan yanka kuma kaza. Ni Tasi'u, da na yi shekaru ina haɗa ƙarfe a wata masana'anta a Kudenda har yara suna ce mini Injiniya, sai ga ni tsaye a ɗakin sanyi da hular leda a ka, ina raba cinya da ƙirji daga safe har yamma. Mutumin kuwa tun da ya sa ni a bas ya daina ɗaga waya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ban gaya wa kowa a gida ba. In Inna ta tambaya sai in ce aiki sai godiya, ita kuma ta ce, "To, ka dai riƙa cin abinci."

Garin ƙarami ne, a kudancin ƙasar, kuma tsaf yake kamar an lashe shi. Sanyi bai dame ni ba kamar yadda shirunsu ya dame ni. A unguwarmu Makera, kafin ka isa bakin titi daga ƙofar gidanmu ka gaisa da mutum goma, an tambaye ka gajiya, an tambaye ka gida, wani ma ya tsokane ka a kan aure. A can, makon farko na tarar da wata tsohuwa a tashar bas, na rusuna na gaishe ta da 'yar kalmar da na koya. Sai ta ƙanƙame jakarta ta koma ɗaya gefen bencin. Daga ranar na koyi kallon takalmina.

Mutum ɗaya na samu a gidan ma'aikatan da aka ajiye mu, wani ɗan Nepal mai suna Ram, wanda gadonsa ke sama da nawa. Shi ɗan duwatsu ne, kuma duk ranar hutu sai ya ɓace, ya dawo fuska ja yana murmushi. Na tambaye shi inda yake zuwa, ya ce duwatsun Tatra, wani gandun da gwamnati ke tsarewa, tafiyar rabin safiya a bas.

"Me ake rabawa a can?" na ce masa da turancinmu na kame-kame.

"Gaisuwa," ya ce. "Waɗannan mutanen da kake gani, in suka hau sama sai su zama mutane. Kowa ya wuce ka sai ya gaishe ka. Wani ma ya ba ka shayi."

Na yi masa dariya. Na ce a garinmu mai neman icce ne ke hawa dutse, ko wanda akuyarsa ta ɓata. Bai daɗe ba ya samu aiki a wata ƙasar ya tafi, ya bar mini blandarsa ta niƙa da wata tsohuwar jakar goyo. Bayan tafiyarsa nakan wuni in kwana ban buɗe baki da kowa ba, sai dai in ce to, in shugaban layi ya daka mini tsawa.

A wurin aiki ba a shiga da waya, a loka ake kulle ta. Wata rana da aka tashi na buɗe lokata, na ga kira a jere har ba su ƙirguwa. Na bi na ƙarshe, na Istifanus ne, abokina ɗan Unguwar Boro wanda muka yi walda tare a Kudenda.

"Tasi'u, kana tsaye ne ko kana zaune?"

"Faɗa mini kawai."

"Mama ta tafi, mutumina. Tun da hantsi. Yanzu muka dawo daga maƙabarta. Sori, sori. Ka yi haƙuri."

Wato a lokacin da ake wanke Inna, ake sallarta, ake sa ta a ƙasa, ni ina tsaye ina fiɗar kaza. Na yi salati, na zauna a kan bencin canza kaya. Mutane suna ta wucewa da tawul a kafaɗa. Hawaye bai zo ba. Komawa gida kuwa ba ta taso ba, domin takardar zamana ba ta fito ba tukuna, in na fita ba zan dawo ba, kuma ko na je ba abin da zan tarar sai tudun ƙasa.

Inna abinci take sayarwa a ƙofar masana'antu tun muna ƙanana. Kowace Juma'a, tun rasuwar mahaifinmu, sai ta daka gumba, ta dunƙula, ta jera a faranti kusa da tukunyar shinkafarta. Ba ta zaɓen wanda za ta ba, Musulmi da Kirista duk ɗaya ne a wurinta. Sharaɗinta guda: ba ka ɗauka ka wuce. A gabanta za ka ci, sannan ka ce Allah ya ji ƙan Malam, ita kuma ta ce amin. In ka yi sauri sai ta riƙe maka hannun riga. Ta ce sadakar da ba a ci an yi addu'a a kanta ba, hatsi kawai aka ɓata. Na taɓa tsokanarta na ce ta mai da ma'aikatan Kudenda 'yan amshin dole. Ta harare ni ta ce, "Yi dariyarka. Ranar da na mutu, wanka Sani ba zai daka mini ba, na san shi. Kai ne za ka yi, don kai ka gado taurin kaina."

Ta san ɗanta kuwa. Da na kira Yaya Sani, babban wanmu, na tambaye shi yadda za a yi da sadakar uku, sai ya ce, "Babu uku, babu bakwai, babu arba'in. Bidi'a ce. Ka yi mata addu'a a inda kake, ya wadatar."

"Yaya, ita fa da bakinta ta..."

"Inna ba malama ba ce, Tasi'u. Allah ya gafarta mata."

Ban ja da shi ba, ya fi ni karatu nesa ba kusa ba, kuma mai yiwuwa gaskiyarsa ce. Amma ba shi ta kalla ta ce kai ne za ka yi ba. Na kira Istifanus ina huci, shi kuma ya ce, "To do am for there now, ka yi a can mana. Mutanen ƙasar ba sa cin abinci ne?"

Akwai gero a kantunansu, wani ƙanƙane rawaya wanda aka riga aka surfe, ba irin namu ba, amma dai dangi ne. Na jiƙa, na tsane, na niƙa a blandar Ram da sukari da citta da kanumfari da masoro, na dunƙula yadda hannuna ya iya. Ranar uku na jera a faranti a kan teburin kicin, na zauna a gefe ina jira. Suka yi ta shiga suna fita, suna kallon farantin suna kallona. Na fita yin alwala, na dawo na tarar matar da ke kula da gidan ta sa safar hannu ta juye duka a shara. Ta buga magana a wayarta, wayar ta fassara, ta juya mini fuskar: ba a ajiye maganin ɓera a kicin.

Ranar bakwai na ce bari in nemi mabuƙata, na tafi tashar jirgin ƙasa inda marasa gida ke kwana. Na farko ya ce sigari yake so. Na biyu ya karɓa, ya shinshina, ya marmasa wa tantabaru. Ina ƙoƙarin yi wa na uku bayani mai gadi ya zo ya nuna mini ƙofa. Na dawo da farantina ina jin kunya kamar wanda aka kama da kayan sata.

Saura arba'in, kuma daga ita babu wata. Na duba sai na ga ta faɗa ranar farko ta Nuwamba, ranar da duk ƙasar ke rufe aiki su tafi ziyarar matattunsu. Gidan ma'aikata ya watse tun jajibere, kowa ya nufi inda yake da wani. A nan maganar Ram ta faɗo mini. Na ce wanda zai gaishe ka, ai zai iya karɓar abu a hannunka. Na daka sabuwar gumba, na cika robar abinci, na sa a jakar goyon nan tare da gorar ruwa da dardumata, na ɗaura takalmin masana'anta na fita.

Daga tagar bas na ga abin da ban taɓa gani ba. Kowane ƙauye muka wuce, maƙabartarsa cike take da mutane cikin kayan ado, da furanni, da kyandir a cikin jajayen kwalabe. Ana goge kaburbura da tsumma kamar ana goge teburin falo. Wata mata a kujerar gabana ta rungume tukunyar fure a cinya tun daga tashar farko, ta sauka a wani ƙauye inda wasu suka tarye ta. Na yi kishinta, wallahi. Ita ta san inda nata yake kwance. Ni ko a hoto ban ga na Inna ba.

A gindin duwatsun akwai filin ajiye motoci da rumfuna. Wani mai rumfa ya kalli takalmina ya girgiza kai, ya nuna sama ya ce ƙanƙara, ya sayar mini da wasu ƙusoshin ƙarfe masu roba da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi. Ni maƙerin zamani ne, da na juya su a hannu na san aikin banza ne, amma baƙo ko da ido makaho ne, na biya. A ƙofar gandun na yanki tikiti. Akwai allo mai hotuna an ja wa kowanne jan layi: kare, wuta, mai iyo a ruwa, ƙafa a wajen hanya, da hannu yana miƙa wa wata dabba abinci. Na kalle su kamar yadda ake kallon allon gefen titi, na wuce.

Zangon farko kwalta ce, doguwa, tana hawa a hankali cikin dogayen itatuwa masu ganye kamar allura. Mutane kuwa kamar ranar kasuwa, da masu tura jarirai, da masu hawa keken doki. Ba wanda ya ce mini uffan. Na gaida mutum biyu, suka wuce kamar da iska na yi. Na ce lallai Ram ya sayar da ni, da yana kusa da ya ji bakina. Ƙafafuna suka fara zafi, gumi ya jiƙa mini baya alhali hancina ya daskare, robar gumba tana bugun ƙashin bayana a kowane taku.

Kwaltar ta ƙare a bakin wani babban tafki kore, da gidan katako inda ake sayar da shayi. A nan yawancin mutane suka tsaya suna ɗaukar hoto. Na tsaya da robata a hannu, na kasa buɗewa. A cikin wannan taron, baƙin mutum da kwano a hannu, na san abin da za a ɗauke ni. Na ga wata 'yar hanya ta duwatsu ta zagaya tafkin ta miƙe sama, wasu ƙalilan masu sanduna suna binta. Na bi su.

Zango na biyu shi ne ya nuna mini iyakata. Matakala ce ta duwatsu, kusa da ruwan da ke gangarowa da ƙara, kuma kowane dutse ya sha ƙanƙara siririya wadda ba ka ganinta sai ta ɗauke ka. Na ɗaura ƙusoshin mai rumfa. Ban yi nisa ba robar ƙafar hagu ta tsinke, ta fyalle cikin rami. Na tsine masa da Hausa, da ƙarfi, har na ji sanyi a raina. Daga nan da hannu da gwiwa na ci gaba. Itatuwa suka gajarce, suka koma ƙananan kurmi, suka ƙare.

A nan wani dattijo mai farin gemu ya gangaro, ya dube ni cikin ido ya ce, "Jen dobri."

Na yi tsaye. Wata nawa rabon da wani ya fara gaishe ni! Bakina ya cika da lafiya lau, da ya gida, da ya sanyi, da ya gajiyar hanya, amma kafin in zaɓi ɗaya ya riga ya yi ƙasa. Ashe gaisuwarsu jifa ce, ba a tsayawa a ga inda ta faɗi. Duk da haka Ram bai yi ƙarya ba. Na bayansa ma ya gaishe ni, da na bayan wannan. Na samu wani faffaɗan dutse a gefen hanya, na buɗe robar, na fara miƙawa.

Wasu miji da mata suka yi murmushi suka ce sun gode, suka dafa ciki wai sun ƙoshi. Wata budurwa ta tsaya ta tambaye ni abin da ke ciki dalla-dalla, ta ce ɗanye ne? Na ce ɗanye ne. Ta ce kai, abin sha'awa, ta ɗauki hotonsa ta tafi. Wani ya lalubi aljihu ya ajiye mini tsaba a kan murfin robar, na bi shi da gudu a kan ƙanƙara na mayar masa, ya tsorata ya ɗaga hannu. Wani saurayi kuma ya ga ina rawar sanyi, ya ɓare cakulan ya ba ni rabi, ya zuba mini shayi a murfin filas ɗinsa. Na sha, na ji daɗi har cikin ƙashina. Na miƙa masa gumba, ya ce ba ya cin abin da bai sani ba, in yi haƙuri. Na fito ba da sadaka, sai ga shi ni aka yi wa.

Na rufe robar na ƙarasa hawan.

Ban san zan iso ba sai da na ɗaga kai na ga hanya ta ƙare. Wani kwari ne a zagaye, bangon dutse ya kewaye shi ta gefe uku, tsaye cak, baƙi, da dusar ƙanƙara a maƙale a tsagoginsa. A tsakiya ruwa ne baƙi ƙirin, ko motsi ba ya yi, gefensa ya fara daskarewa. Wani allo ya yi bayani da Turanci cewa ƙanƙara ce ta zauna a nan tun zamanin da ba mutane, tana murzar dutsen a hankali har ta ƙwaƙule shi. Ni dai turmi na gani, babba, wanda aka daka aka kwashe aka bari. Ba tsuntsu, ba ganye, ba ƙarar mota. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wurin nan ba, kuma ban taɓa ganin wurin da ya fi shi kyau ba. Abin ya ba ni haushi, don babu wanda zan taɓa in ce masa duba.

Na yi alwala da ruwan gorata, yatsuna suka mutu. Na shimfiɗa darduma a bayan wani dutse na yi azahar. Da na sallame, rana ta riga ta faɗa bayan bangon, ko la'asar ba ta yi ba, inuwa ta rufe ruwan, sanyi ya ninka. 'Yan mutanen da ke wurin suka fara haɗa kaya. Na gwada na ƙarshe, wani mai kyamara, ko kallon robar bai yi ba.

Na zauna na ce, Inna, na yi iya yina. Na tuna ana cewa ko tsuntsu ya ci abinka sadaka ce. Ba amin a ciki, amma da babu gara ba daɗi. Na tsallake igiyar da aka ja a gefen hanya, na taka zuwa wani shimfiɗaɗɗen dutse kusa da ruwan, na fara jera gumbar ɗaya bayan ɗaya yadda take jerawa a farantinta.

Sai na ji usur.

Wata mata ce cikin koriyar riga mai tambari, gajera, kakkaura, za ta yi sa'ar ƙanwar Inna. Ma'aikaciyar gandun ce. Ta taho tana faɗa da yarensu, da ta ga ban gane ba ta juya Turanci, nata ma guntu-guntu kamar nawa.

"Fito daga nan! Ka ga igiya ko ba ka gani ba? Mene ne wannan? Abinci?"

Na ce na tsuntsaye ne.

"Tsuntsaye!" Ta nuna gangaren da hannu. "Akwai beyar a nan, manyan namun daji masu haɗari. Yanzu suke neman abin da za su ci kafin su kwanta barcin hunturu. In ɗaya ya ɗanɗana abincin mutum, gobe wurin mutum zai zo nema. Ka san abin da ake yi wa beyar da ya saba da mutane? Kai za ka koma gida, shi za a harbe. Kwashe. Duka. Sannan ka ba ni takardar shaidarka."

Gaskiya ce ta faɗa, amma a lokacin ba gaskiya nake nema ba. Zuciya ta ɗebe ni. Na miƙe na zazzaga mata Hausa, na ce wace irin ƙasa ce wannan da mutum ba ya ci, dabba ma an hana ta, an zubar mini a shara, an kore ni a tasha, an ba ni tsaba kamar maroƙi, to ku cinye duwatsunku! Ta tsaya tana kallona, hannunta a kan rediyon da ke ƙirjinta. Da numfashina ya ƙare, sai na faɗi kalma biyun da na sani da yarensu, waɗanda na nema a waya ranar da zan roƙi hutu ba a ba ni ba: mama, ta mutu.

Ba ta sassauta ba. Ta ce, "Kwashe tukuna."

Na durƙusa na kwashe. Ta sa na tsince har ɓarɓashin da ya shiga tsagar dutse, da yatsun da ba na jin su. Da na tsallako igiyar na miƙa mata takardata, sai ta ƙi karɓa. Ta zauna a kan wani dutse ta nuna mini na kusa da shi.

"Mamarka ta mutu. To, me ya haɗa ta da wannan?"

Na yi mata bayani yadda Turancina ya kai. Yau kwana arba'in. A wurinmu ana yin abinci a ba mutane, su ci, su roƙa wa mamacin rahama. Ta ce in yi mata. Ba wanda ya ci.

Ta kalli ruwan. Sannan ta ce kakarta, a ƙauye, takan gasa ƙananan burodi a irin wannan rana, ta kai ƙofar maƙabarta ta raba wa mabarata, kowane burodi da sunan mamacin da za a yi wa addu'a. Ta ce yanzu ba mai yi, sai kyandir. Ta ce ita ma yau kabarin mahaifinta yana can ba kowa a kansa, don an sa ta aiki.

Ta cire safar hannunta ta ce, "Kawo."

Na buɗe robar, na zaɓo mata wadda ba ta taɓa dutse ba. Ta riƙe ba ta kai baki ba.

"Sunanta?"

Na ce, "Inna."

"Inna. Sunanta ke nan?"

Na ce a'a, haka muke kiranta, kamar mama.

"To sunan fa? Ba a yi sai da suna. Wa zan ce?"

Na rubuta sunan nan a takardu ba adadi, amma tun da aka haife ni bai taɓa fita daga bakina ba. Wane ɗa ne zai kama sunan uwarsa gatsau? Ko yarinyar da aka sa wa sunan a gidanmu, Ummi muke ce mata. Na ji kunya ta rufe ni a gaban baƙuwar da ba ta ma san akwai abin kunya a ciki ba, kamar Inna na bayan dutsen nan tana saurare. Matar tana jira, gumba a hannu, iska tana kaɗa gashinta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na ce, "Sa'adatu," can ƙasa.

"Ban ji ba."

Na ɗaga murya. "Sa'adatu."

Ta maimaita a hankali, gaɓa-gaɓa, har ta kama shi. Sannan ta gatsa. Na ga lokacin da citta da masoro suka isa maƙogwaronta, idonta ya kawo ruwa, ta yi tari. Na ce in ba za ta iya ba ta bari. Ta ɗaga mini hannu wai in yi shiru. Ta tauna, ta haɗiye, ta sake gatsa, har ta cinye tas, ta lashe yatsa. Sai ta miƙe tsaye, ta taɓa goshi da ƙirji yadda suke yi, ta yi magana da yarensu, doguwa kaɗan. Ban fahimci komai ba sai sunan Inna a tsakiya. Da ta tsaya ta dube ni.

Na ce, "Amin."

A nan kukan ya zo, wanda ya ƙi zuwa a bencin canza kaya, ya ƙi zuwa a kan darduma duk kwanakin nan. Na yi shi da murya, ba ko kunya. Ba ta dafa ni ba, ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta juya mini baya ta tsaya a bakin hanya, duk wanda ya zo wucewa ta yi masa nuni ya yi gaba. Da na lafa ta ce, "Tashi. Duhu ba ya jira a nan." Ta kalli ƙafata ta hagu ta yi tsaki irin nasu, ta ba ni sandarta ɗaya. Muka gangaro, tana gaba ina baya. A gidan katakon nan ta karɓi sandarta, ta ɗauki gumba biyu ta naɗe a takarda ta sa a aljihu, ta ce kada ta sake ganina a bayan igiya. Ban tambayi sunanta ba, ita ma ba ta tambayi nawa ba.

Sai da na iso filin motoci waya ta kama. Magariba ta yi, ina tsaye a layin bas cikin mutanen da suka koma ba sa gaisuwa. Na kira Istifanus. Ina jin hayaniyar 'yan acaɓa a bayansa.

"Yaya, mutumina? An ci?"

"An ci."

"An yi addu'a?"

"An yi."

"Mutum nawa?"

Na ce, "Ɗaya."

Na ji ya ja hanci.

"E don do, ya isa," ya ce. "Mama ta karɓa. Je ka nemi abinci ka ci."